Ƙwaryar Kaka Mai Kura da Rawani

Yau na iske ƙwaryar marigayiya Kaka a bakin rijiya, jakin ƙanena na shan ruwa a ciki, har bakinta ya tsage. Raina ya ɓaci.

A gabana Kaka ta zana ta da jan ƙarfe, ƙauri na tashi, hayaƙi na sa ta hawaye. Ga kura da rawani tana yi wa awaki shari'a, ga zomo dogari riƙe da sanda. Takan ce, "Dubi idon alƙaliyar nan, jikalle, wuyan akuya take kallo."

Na ce wa ƙanena, "Ba ka da kunya?"

Ya ce, "Yaya, ai ƙwarya ce."

Na ture jakin, na ɗauke abata.

Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka. Shi kuwa, Allah Ya ba shi jikoki irinsa.