Ƙasar da Inna take kawo mini

Cikina na fari bai zo mini da kwaɗayin nama ko tsami ba, ƙasa nake so. Ana yayyafa ruwa a tsakar gidanmu na Sabon Garin Maradi sai yawuna ya tsinke. Mijina yana tsokanata, wai ya auri gara. Ta kasuwa kuwa ban yarda da ita ba, ni mai tsantsani, sai nake aika wa Inna a Jiratawa ta ɗebo mini daga lambunmu.

Inna ba ta yin abu da rabi. Ta zaɓi kusurwar bayan rijiya, inda ƙasa take da laushi kuma ciyawa ba ta fitowa, a ganinta nan ya fi tsabta. Takan tankaɗe, ta gasa a kasko, ta ƙullo mini a leda duk ranar kasuwa. Na ci ta har cikin ya tsufa.

Wata rana na je gida, na tarar da ma'aikacin lafiya daga Maradi a lambun, yana ɗibar ruwan rijiyoyi da ƙasa a kwalabe don a auna. Ya tambayi Baba inda yake kai bido-bidon, wato jarkokin maganin ƙwari, in sun ƙare. Baba ya amsa da alfahari cewa shi ba ya yar da su kamar sauran mutane, don kada yara su ɗauka su zuba ruwan sha. Binne su yake yi, shekara da shekaru, wuri ɗaya. Ya nuna kusurwar bayan rijiya.

Akwai ramin da hannun Inna ya yi a wurin. Na zauna a bakin kwalbati. Mu da muka girma muna ganin yadda gurɓataccen ruwan sha ya lanƙwasa ƙafafun yaran garin Tsibiri, ba sai an yi mana bayani ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba.

Inna ta riƙe hannun rigar mutumin. "Ɗan nan, ai gasa ta nike yi. Wuta ba ta kashe shi?"

Bai yi mata ƙarya ba. Ya ce sai an auna, a san irin maganin, da yawan da na ci, da watan da na fara. Da sakamakon ya fito aka hana shan ruwan rijiyar, aka kwashe ƙasar kusurwar. Game da abin da ke cikina, likita ya ce babu mai iya rantsuwa. Wani abin ana ganinsa ranar haihuwa, wani sai yaro ya kai tafiya, wani sai ya kai magana.

Na haifi mace. Kafin in tambaya ko mace ce ko namiji na sa ungozoma ta duba mini yatsunta. Ta yi tafiya a kan lokaci, ƙafafu miƙe, na yi kuka ranar.

Yanzu an yaye ta da daɗewa, sa'anninta suna ta surutu, ita sai nuni da yatsa. Uwar mijina ta ce ubanta ma haka ya yi nauyin baki, wataƙila gaskiya ce. Amma Inna ta daina zuwa Maradi. Kullum da safe takan ari wayar maƙwabciya ta kira ni, ko gaisuwa ba ta gamawa.

"Ta yi magana?"