Ƙaramin Buhu a Bayan Mota

Gara in faɗa da bakina tun kafin matata Hajiya ta riga ni: ni ne wawan wannan labari. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, amma a gidan 'yata da ke Bowie, can Amurka, nakan yi zaman farfesa, don ba wanda ya taɓa neman takarduna.

Ran nan jikata Amira ta zo da aikin makaranta tana kumbura baki. An zana mata dunƙule biyu, girmansu ɗaya, na katako da na ƙarfe, wai me ya sa nauyinsu ya bambanta. Ta ambaci wata kalma wai densiti. Na ce, "Amarya, ai wannan tun a gindin murhu na gama shi."

Ban yi ƙarya ba. Kakarmu Hajjo 'yar awo ce, hatsi take sayarwa a cikin gida. In an idar da isha'i sai ta tura rogo cikin toka, mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye. Ni takan jawo ni kusa ta ce, "Matso nan, maigida, kai ne ba ka ji da sau ɗaya." Sai ta gyara murya: "To, ga ta nan ta iso, wa zai shimfiɗa mata tabarma?"

Wai kura da bunsuru aka ɗauka dako. Ga wani buhu ya fi mutum tsawo, ga wata 'yar jaka ba ta kai tulu ba. Kura ta dubi dogon buhu, ta ce ai ita baƙuwar zazzaɓi ce, ta yi wuf ta rungumi 'yar jakar. Ashe buhun audugar rimi ce, jakar kuwa tama ce za a kai wa maƙeri. Bunsuru na tafe yana waƙa, kura na tafe ƙugu na sauka. "Shi ya sa har yau," in ji Hajjo, "in kun ga bayanta, kamar an zauna a kai."

Ba ta tsaya nan ba. Ta ciko mudu da dusa, ta ciko wani da gero, ta ɗora mini a hannu bibbiyu. "Mudun ɗaya ne ko? To, me ya sa hannun damanka ke rawa? Gero a cushe yake, dusa kuwa rabinta iska ce."

Haka na kwashe na ba Amira, har da tafiyar kura a tsakar falo. Ta amsa da Turanci, amma dai ta gane: tsawo daban, wurin da abu ya ci daban, nauyi daban, kuma in girma ya zo ɗaya, wanda ya fi cushewa shi ke rinjaye. Kwana uku ina tafe ƙirji a gaba.

To, 'yata likita ce, kuma ta kafa mini doka saboda bayana. "Baba, in ka sake ɗaga abu mai nauyi, tafiya Kano ta fasu, ba zan sa ka zaman jirgi da ciwo ba." Ni kuwa shekara uku rabona da gida, ga bikin ɗan ƙanena saura mako biyu.

Ranar Asabar surukina ya dawo daga kanti ya buɗe bayan mota. Ga wani ƙunshin takardar goge hannu, tsawonsa har ƙirjina, ga wani ɗan buhu a kwance kamar matashin kai. Ya ce, "Baba, bari kawai, zan shigar." Na ce a raina, a gaban suruki zan tsaya kamar turke? Amma dokar likita ma ina tsoronta. Sai na yi dabara: na bar masa dogon, na sunkuya kan ƙaramin.

Gishirin da ake watsa wa ƙanƙara ne a ƙofar gida.

Abin da na ji a ƙuguna, ko maƙiyi ba na yi wa fatansa. Surukina ya ɗauki dogon ƙunshin da yatsa biyu, ya kawar da kai saboda kunya, amma na ga kafaɗunsa na motsi. Kafin magariba an ɗage tafiyata, Hajiya kaɗai za ta.

Ina kwance rigingine tana haɗa akwati, sai na ga ya kamata in ceto ko da mutuncin ilimi ne. Na ce, "Kin sani, Hajiya, sai yanzu na gane zurfin maganar Hajjo. Ido tsawo kawai yake gani. Ashe kurar nan ma ba a yi mata adalci ba, kowa na iya faɗawa."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ita kura ba wanda ya taɓa ba ta labarin kura. Kai kuwa har koyar da shi ka yi."