Ƙwaryar Inna a Ajin Zane

Wata Laraba ce a shekarar 1999, ina aji huɗu a lekkol, wato makarantar boko, ta unguwarmu Sersouf, can ƙasar Larabawa ƙetaren hamada, malamar zane ta ce kowa ya kawo abin ado na gidansu, za a jera a nuna wa baƙi. Na ruga gida, ko awaki ban ba ruwa ba, na nace wa Inna sai ta ba ni ƙwaryarta. Kakata ce ta ƙawata ta da wuƙa mai zafi a ƙauyensu kusa da Damagaram, ƙadangaru suna bin juna a gefenta. Ƙwaryar nan kaɗai Inna ta ƙetaro hamada da ita, naɗe cikin mayafi a kan cinyarta a saman babbar mota, kuma ko nono ba a taɓa zuba mata ba. Na yi kuka, na yi rantsuwa, har Baba ya dawo daga gini ya sa baki. Inna ta miƙo mini ta ce, "Idonki a kanta."

Na kai wa malamar ta ajiye. Ranar nunin na sha kitso, na shiga aji ina taƙama. Ga jakunkunan fata na 'ya'yan Buzaye, ga dardumar 'ya'yan Larabawa, kowanne da sunan mai shi. Tawa babu. A bayan aji na same ta, a ƙasa, cike da ruwan fenti shuɗi, burusai suna jiƙe a ciki. Da na tambaya, malamar ko kallona ba ta yi sosai ba, ta ce, "Ai kwano ne, ya binti, yarinyata. Ado muka ce."

Kwano! Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Mace mai koyar da zane, ga zane a hannunta, amma ba ta gan shi ba, don hannun mutanenmu ne, mu da aka sani da ɗaukar bulo kawai. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Inna ta kankare da yashi, ta shanya, shuɗin ya ƙi fita. Ba ta dake ni ba. Ta kife ƙwaryar a ƙarƙashin gado, ban ƙara ganin ta ɗauko ta ba har ta rasu.

Yanzu a lekkol ɗin su 'yata suna yin ranar al'adu duk shekara, suna roƙon a kawo irin waɗannan kaya, kuma na ji daɗin haka. Bara 'yar tawa ta roƙe ni ƙwaryar, wadda na gada daga Inna. Na kai ta da kaina, na tsaya a gefen tebur har aka tashi. Idona a kanta.