Bel Ɗin Taimin da Bakin Taubashina

Ban taɓa shan wahalar mota irin ta ranar da bel ɗin taimin ya tsinke mini tsakanin Jega da Maiyama ba. Rana tsaka, albasar mutanen Sabiyal cike har saman mota, ko inuwar kirki babu.

Abin haushin, an faɗa mini. Sai dai wanda ya faɗa ɗin taubashina ne, ɗan gwaggona, bakanike a Aliero. Tun muna yara bai taɓa yi mini magana ba da zolaya a ciki ba. Ran da na sayo motar cewa ya yi in kai ta asibitin dabbobi. Ya sha rantsewa kaji za su yi ƙwai cikinta kafin damina. To da ya leƙa injin ya ce, “Direban jaki, wanga bel ya tsuhwa, a canza shi,” me zan ɗauka?

Na ce, “Kai bawa, yi mini shiru. Ka ji yana kuka?”

“Ba ya kuka. Shi ba fanbel ba ne da zai yi maka tsuwa. Rana guda zai tsinke, ya tahi da injin.”

“Yaushe ake canza shi?”

“In mota ta ci tahiya mai yawa, ko in ya kwana biyu a ciki. Agogon tahiyarka ya mutu tun wajen mai ita na hwarko. Damina nawa kana jan ta ba a buɗe wurin ba? Ga mai na ɗiga kansa.”

Yana faɗa yana dariya, dama haka fuskarsa take in ya gan ni. Ni kuwa kunnena shi ne makarantata. Abin da bai yi ƙara ba lafiyarsa lau. Kuma kakar albasa ce, wa zai ajiye mota yini guda saboda roba?

Da ya tsinke ko gargaɗi babu. Injin ya ɗauke kawai, kamar an hura fitila. Na murza makulli, sai wani juyi fayau marar nauyi. Na sake murzawa. Na kira taubashin a waya na faɗa masa, ya ce, “Cire hannunka daga makullin nan.” Bai ce direban jaki ba. Nan take na cire hannu, domin in injin nan ya tafi, noman wasu zan koma.

Ya iso kan babur, ya kwance murfin gaban injin, ya zaro bel ɗin. Duk ya tsattsage, haƙoransa sun zube wuri guda. Ya ce shi ke haɗa juyin saman injin da na ƙasansa, in ya rabu sai ƙarafan ciki su yi karo, fistin ya daki bawul. Muka sauke albasa buhu-buhu muka ɗora wa wata mota, bayana har yau bai yafe mini ba. Aka ja tawa zuwa Aliero.

Sai bayan la'asar ya buɗe kan injin. Ina tsaye kamar mai jiran haihuwa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago.

“Bawul sun lanƙwashe, amma fistin sun tsira. Jakinka zai tashi.”

Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba.

Na ce, “To don Allah me ya hana ka faɗa mini da gaske?”

“Da gaske na hwaɗa! In yi maka kuka?”

Washegari da sassafe na hau motar haya zuwa Jega na sayo bel da bawul. Ban kai su gareji ba, gida na bi taubashin, na tarar yana shan kunu gaban Gwaggo. Na zauna na ce ya lissafa mini duk abin da ya rage zai mutu a motar nan, a nan gabanta, inda ba shi da bakin wasa.