Shekarar da Na Goya 'Yar Fari Zuwa Kalgo

A Gwandu aka yi mini aure, amma ni 'yar Kalgo ce, kuma har na bar Gwandu ba a daina tuna mini ba. Gidan mijina gidan saukar baƙi ne. In kaka ta yi, hanya ta bushe, mutane sukan zo ziyarar hubbaren magabata, wasu a kan jakuna, wasu cikin babbar mota, su yi addu'a su huta su koma. Ɗakunan da ke bayan zaurenmu nasu ne. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ita ke tuƙa musu tuwon shinkafa, ni ke jan ruwa a rijiya in cika randunan da aka jera musu a gindin katanga. Da abin da baƙin nan suka bari rabin unguwarmu ke cin shekara, daga mai fura har mai ciyawar jaki.

A shekarar da nake faɗi Turawa ba su tafi ba tukuna. Ruwa ya yi yawa, damina ta wuce kududdufai ba su janye ba, sauro har da rana cizo yake. Sai wani zazzaɓi ya shigo. Mutum ya kwanta, ya tashi kamar ya warke, sannan idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ya yi ta amai baƙi kamar an dama gawayi. Ba wanda bai san sunansa ba. Shawara ce.

Dattawan unguwa suka zauna suka yanke cewa kada a faɗi sunan. In labari ya kai kunnen duba-gari, za a sa shinge a hanya, ba shiga ba fita, baƙi su juya. Aka ce a riƙa cewa zazzaɓin kaka ne. Gidan da aka yi rashi kuma kada a shimfiɗa tabarma a ƙofa, a karɓi gaisuwa ta baya. Maƙwabciyata ta rasa ɗanta da hantsi, da azahar na ji ta tana daka, don an ce mata shirun gida ma labari ne.

Ina da ɗiya guda a lokacin, ita ce ta fari, ta fara zubar da haƙora. A wajenmu uwa na kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye ta aka miƙa wa Inna, a ɗakinta take kwana, a kwanonta take ci. Ban taɓa kiran sunanta ba. In ta faɗi a gabana sai in kau da kai, wata ta ɗaga ta. Ita ma Adda take ce mini, kamar wata yayarta. Ana yaba ni a kan wannan, ana cewa duk da kaifin bakina, 'yar Kalgo ta san kara.

Ran da ɗiyata ta kwanta, Inna ta jiƙa mata saiwar rawaya. Da idon ya juya sai ta ɗauke ta ta kai ɗakin baya, kusa da rumbu, inda baƙi ba za su ji kakarin amai ba. Ni kuwa ba ni da hurumin shiga. Na riƙa ƙirƙiro aiki a wajen rumbu, in ɗebo geron da ba a buƙata, in saci kallo ta gefen asabari. Tana kwance a tabarma, leɓenta ya tsage, ƙudaje na bin bakinta.

Na tari mijina a soro, abin da ban taɓa yi ba. Na ce a bar ni in kai ta Kalgo, akwai ɗakin shan magani, ga kuma gidan yayana. Motar da ta kawo baƙi can za ta koma. Ya ce motar cike take da mutane, in suka ga idon yarinyar kafin su isa labari ya riga su. A jira su tafi. Na ce in waɗannan sun tafi wasu na tafe. Ba mugu ba ne, idonsa ya yi ja, shi ma bai ci abinci ba. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

"Ke ba ki jin kunya? Ɗiyar Inna ce. Mi ya kai bakinki ga maganarta?"

Da wannan suka ɗaure ni. Sun san ba za a ji daga gare ni ba, don uwar 'yar fari ba ta da baki.

Washegari da hantsi wata tsohuwa cikin baƙin ta shigo gaishe mu. Mutuniyar Wurogauri ce, ta zo da surukarta mai tsohon ciki don a yi mata addu'ar sauka lafiya. Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa. Ta gaida Inna, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara. Inna ta ce lahiya lau. Haka ake cewa ko da gawa a ɗaki. Tsohuwar ta juyo gare ni tana murmushi, ta maimaita tambayar. Mai cikin na zaune tana kashe sauro a ƙafarta. Daga bayan rumbu na ji ɗiyata ta soma kakari.

"Ba lahiya ba, Iya," na ce. "Shawara ce cikin gidanga. Ɗiyata na can tana mutuwa."

Inna ta ce in rufe bakina, ta ce ciwon kai ke sa ni sambatu. Ban tsaya ba. Na shiga ɗakin bayan na sunkuci yarinyar na fito da ita tsakar gida, na buɗe idonta da yatsa don su gani. Rabona da ɗaukarta tun tana shan nono. Na zaci za ta yi nauyi. Ba ta kai tulu ba.

Tsohuwar ta ja surukarta suka fita ba sallama. Kafin azahar baƙin unguwa duk sun ɗaure kayansu. Na goya ɗiyata, ƙafafunta na reto har gwiwata, na bi ta zaure na fita. Mijina na tsaye, bai tare ni ba, bai kuma dube ni ba. Mata na leƙe ta kan katanga. Wata ta ce ga marar kunya ta goya 'yar fari, wata ta ce na zubar wa unguwa tuwo a ƙasa. Na ce su zo su kwashe.

A bakin mota na ga abin da gaskiyata ta jawo mini. Mutanen da na tsirar su ne suka ce ba za su zauna da mu ba. Na roƙi direba ko a kan kaya ne. Na durƙusa masa a gaban maza. Ya ce, "Baiwar Allah, in na ɗauke ki su sauka, in na bar ki in ji kunyar Allah. Yi haƙuri." Tsohuwar Wurogauri ta miƙo mini gorar ruwanta ta tsakanin katakon bayan motar, direba ya ja suka tafi.

Gida ba ya komuwa. Na kama hanya da ƙafa.

Rana ta buɗe. Zafin jikinta na ratsa zanena kamar na goya tukunya. Can ta yi shiru, kanta ya langaɓe a kafaɗata. Na girgiza ta ba ta motsa ba. A nan, tsakiyar gonakin dawa, na kira sunanta. Bakina bai saba ba, sai da na maimaita. Na yi ta kira ina tafiya, ina gaya mata ƙarya, cewa ga Kalgo can, ga kifi ana soyawa. Ta ce ruwa. Na ɗiga mata, ta amayar, na sake ɗigawa.

Wasu fatake masu kai albasa suka cim mana. Ban ɓoye musu ba, na gaji da ɓoyo. Babbansu ya dubi idonta, ya yi salati, ya sa aka rage kayan jaki guda aka kwantar da ita a mangala, da sharaɗin mu riƙa bin baya. Da su muka kwana a hanya, da su muka shiga Kalgo.

Muna isa gidan yayana ya karɓe ta ya yi gaba, sai ɗakin shan magani. Malamin asibiti ya duba ta ya ce ba shi da allurar da ke kashe wannan ciwo. A ba ta ruwa kaɗan kaɗan, a sa ta cikin gidan sauro, sauran na Allah ne. Na ji kamar in kwanta a ƙasa. Duk wannan tafiya, ruwa? Ya ce sauro ke ɗauka daga wani ya kai wa wani, kuma a cikin randa yake ƙyanƙyasa. Na tuna randunan da nake cikawa da hannuna. Ya tambayi inda muka fito, na faɗi garin, na faɗi unguwar, na lissafa masa gidajen da na sani. Ya tura mutum a kan keke ya kai wa duba-gari labari.

Sauran kwanakin ban san yadda suka wuce ba. Ina zaune bakin gidan sauron da ludayi, ina ɗiga ruwa, ina sa kunne a ƙirjinta. Matar yayana ta kawo labarin an sa shinge a hanyar Gwandu. Ta ce kafin a rufe an aiko da kwanukana da tabarmata a kan jaki, ba saƙo. Na ce ta ajiye su inda ta ga dama.

Wata safiya ruwan ya zauna a cikin ɗiyata. Na dama kunu mai ruwa-ruwa, ta sha ludayi guda, ta buɗe ido ta dube ni, ta dubi ɗakin da ba ta sani ba.

"Adda, ina Inna?"

Na ce tana Gwandu. Ta ce a kai ta wurinta, ta soma kuka ba hawaye.

"Hanya a rufe take," na ce. "Buɗe bakinki."

Ta buɗe.