Yashin da Ya Ƙone Ƙafafun Inna

A shekarar da fari ya cinye gonakinmu, ni ƙaramar mace ce mai goyo, a wani ƙauye kusa da Kamarawa cikin ƙasar Isa. Maigidana ya tafi cirani kudu, ni kuwa na koma gidanmu wajen Inna da yayana, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Inna ta daɗe da ciwon ƙafa. Gwiwoyinta na sara, daga ƙwauri zuwa ƙasa kuwa ba ta jin komai, ko ƙaya ta taka sai an gaya mata. Gashi kaɗai ke ba ta sauƙi. Na ɗinka mata 'yar jaka da tsohon zane, na zuba gero kamar rabin tiya. Kullum da safe sai in juye shi a kasko in ɗumama, in mayar cikin jakar, in ɗora mata. Ba haka nan na zaɓi gero ba. Na gwada dusa, nan da nan ta huce. Na gwada gishiri, ya cinye zanen. Gero kuwa yana kwanciya a jiki, yana riƙe ɗumi, kuma kafin ya yi zafin da zai cutar, ƙamshinshi ya cika ɗaki.

Yunwa ta tsananta har mutane sunka koma jiƙa 'ya'yan anza suna ci. Gidanmu akwai sauran hatsi a rumbu, amma Yaya ke auna mana da hannunshi, kuma ko a wannan hali bai daina kiwon tantabarunshi ba. Ran nan ya shigo ya iske ni gaban kasko. Ya tambaye ni inda na samo gero. Na ce mashi tsohon nan ne tun kafin fari, ya soyu har ya yi baƙi, ko an daka ba ya tuwo. Ya ce ƙarya nike, rumbunshi nike sata. Ya fizge kaskon ya watsa wa tantabaru a tsakar gida, Inna na kallo daga bakin ƙofa. Sannan ya ce, "Mutane na mutuwa da yunwa, ke kina ciyar da gwiwa? Yashi ya ƙare a gulbi?"

Na roƙe shi. Na ce yashi ba ya ƙamshi, kuma Inna ba za ta ji ba in zafin ya yi yawa. Ya ce wato ni za ni koya mashi, ya kore ni ɗibar ruwa. Rijiyarmu ta ƙafe, sai can ƙauyen gaba ake samu. Ban dawo ba sai bayan azahar. Ashe da na fita ya soya yashi bisa wuta, ya ɗura a jakar, ya ɗaure mata a ƙwauri da tsumma, ya tafi majalisarshi. Na iske Inna na jan tasbaha, ta ce tun ɗazu tana jin ƙaurin wani abu. Da na ɗaga jakar, fata ta biyo zanen.

Ihuna ya tara maƙwabta. Yaya ya shigo ya ce ni na yi, don na gaji da jinya. Anka juya ga Inna. Ta sunkuyar da kai ta ce ni ɗiyarta ce na yi, amma ba da gangan ba. Daga ranar, ko a bakin rijiya mata janye 'ya'yansu suke in na matso. Ƙunar ta ruɓe. Ni ke wanke ta, ni ke korar ƙuda. Na ce a kai ta asibiti Isa, Yaya ya ce jaki ba shi da ƙarfin tafiya. Wata rana ina ɗaure mata ƙafar na tambaye ta dalilin da ya sa ta yi mani haka. Ta ce, "Ɗiyata, rumbu na hannun yayanki. In na ce shi na, ke da jinjirinki mi za ku ci?" Inna ta rasu, ba ta ga damina ba. Wajen zaman makoki Yaya ya fi kowa kuka, ana ta ba shi haƙuri, ni kuwa ina gefe ni kaɗai.

Na yafe wa Inna tun tana da rai, don sunana ta sayar ta saya mana tuwo. Yaya har yau bai nemi gafarata ba. Ɗiyata da ke aure Sakkwato yanzu ɗinka irin jakunkunan nan take, ana ɗumama su a na'urar ɗumama abinci. Da ta tambaye ni abin da ya fi dacewa a zuba, na ce gero ko shinkafa, ta kuma gargaɗi duk mai saye. Ku masu jinya, ku fara ɗora jakar a damtsenku kafin ta taɓa wanda ƙafarshi ba ta ji, kuma ku zauna kusa har ta huce. Kada ku bar majinyacinku hannun wanda ke fushi da ku, ko da babu ɗigon ruwa a gidan.