Ba Wanda Ya Gode wa Angulu

Gidanmu a Talata Mafara gidan mahauta ne tun kaka da kakanni. Baba yana bin kasuwannin shanu, sai mu yi mako ba mu sa shi a ido ba. Innata ta rasu ina goye, don haka kakata ce ta raine ni, Iya Ige, wadda duk unguwa ta sani da sana'ar kai da ƙafa. Da la'asar a kawo mata kawunan shanu daga mayanka, bayan magariba ta hura wuta a tsakar gida ta hau babbaka. Bakin wutar nan shi ne dandalina, don 'yan matan unguwa ba sa son in shiga gaɗarsu. Wai ina ƙaurin gashi. Gaskiyarsu ce, ina yi, har cikin kitsona.

Sai in zauna ina riƙe mata ƙafar sa tana kankarewa, ina jiyo waƙarsu ta bayan katanga. Iya ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba, ba ta iya lallashi ba. In ta ga na yi tsuru ina kallon katanga, sai ta zungure ni da ƙotar wuƙa.

"Kulu, gyara riƙo. Ga ta nan. In ba ki so, in ba tukunya."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Yawancin tatsuniyoyinta sun ɓace mini, ɗaya ce ta maƙale. Wai a wata shekarar fari duk tafkuna suka ƙafe, saura guda, nan tsuntsaye ke sha. Sai wani tsohon raƙumi ya faɗa ciki ya mutu. Kwana uku ruwa ya fara wari, 'yan tsaki suka fara mutuwa. Aka tara tsuntsaye. Balbela ta ce da ta taimaka, amma a dubi farar rigarta. Gauraka ya ce mai tukku irin nasa ba ya sunkuya wa mushe. Hankaka ya yi dogon jawabi kan illar ƙazanta, ya kaɗa fiffike ya tafi. Nan Iya kan kumbura wuya ta kwaikwayi muryarsa, in yi ta dariya har ƙafar ta suɓuce mini.

Angulu, wadda a lokacin take da gashi har ana yi mata kitso, ita ce ta tashi. Ta sauka ta tura kai cikin mushen, kwana bakwai tana ja tana fitarwa, har ta ga bayansa. Ruwa ya kwanta ya yi garau. Gashin kanta kuwa ya zube, bai sake tsirowa ba. Aka yi biki a bakin tafki, kowa ya sha ya ƙoshi. Da angulu ta matso sai aka dare, ta koma kan kuka ita kaɗai.

Iya ta juya kan sa a wuta ta ci gaba da babbaka.

"Sai me?"

"Sai mi? Ƙurunƙus, ta ƙare."

"Ba wanda ya ba ta komai? Ko sannu?"

"Ni ban ce maki an gode mata ba. Cewa niy yi an sha ruwa."

Na ji haushin tatsuniyar nan ƙwarai. A sauran, mai kirki takan tashi da dukiya, marar kirki ta ga ta kanta. Wannan kuwa babu adalci ko na sisi. Na rantse na daina sauraron Iya, washegari ni na fara roƙo.

Ina ajin ƙarshe a sakandare wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta yi mana magana. Ta ce asibiti ba likita kaɗai ba ne: akwai masu gwajin jini, masu ba da magani, masu ɗaukar hoton ƙashi, ungozoma, malaman jinya. 'Yan ajinmu suka yi ta rububin wurin magani da wurin gwaji, inda farar riga ke wuni fara. Ni na ɗaga hannu na tambayi wa ke wanke ciwo. Aji ya kwashe da dariya, wata ta ce 'yar mahauta ta jiyo ƙanshin jini. Matar ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko ina tsoron jini, na ce ni da nake bambance hanta da saifa ido a rufe? Ta ce to in riƙe Turanci da ilmin sinadarai da kyau, don hannu kaɗai ba ya cin jarrabawa. Sau biyu na zauna kafin na samu makarantar koyon jinya.

A can na ce babana ɗan kasuwa ne, kuma ban yi ƙarya ba. Na yi ƙawaye, karo na farko a rayuwata, har muna cin abinci kwano ɗaya. A shekarar ƙarshe, muna aikin gwaji a wani asibiti, aka kawo wata mata daga wajen Gidan Goga. Garin gudun 'yan bindiga kututture ya yage mata ƙafa, hanya ba lafiya, ta yi makonni a gida, ciwon har ya yi tsutsa. Mu huɗu aka tura. Biyu suka fita da gudu, ɗaya ta tuna ba ta yi azahar ba. Na sa safar hannu na durƙusa, na wanke shi tas da ruwan gishiri kamar yadda nake wanke tumbi. Babbar nas ta yaba mini a gaban kowa, ta ce ina na koyi wannan hannu. Daɗi ya kwashe ni, na faɗi gaskiya.

Daga ranar duk aikin da ke wari sai a ce a kira Kulu. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai, kwanon nan ne. Ba wadda ta zage ni, sai dai kowa ta zama ta ƙoshi in na miƙa hannu. Na koma ci ni kaɗai a bakin gado, na buɗe littafi ba na ganin komai. Saura mako uku jarrabawar ƙarshe na haɗa kayana na hau mota, da niyyar na bar jinya har abada.

Na tarar da murhu a mace. Ashe wata biyu ke nan ɓarin jikin Iya ya shanye, Baba ya hana a gaya mini don kada karatuna ya taɓu. Kwanciya ta huda mata baya. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, tana iya ƙoƙarinta, amma hoda kawai take barbaɗawa ta rufe da zane. Na tafasa ruwa, na wanke, na riƙa juya ta a kai a kai. Kwana goma ciwon ya fara yin ja mai kyau. Bakin Iya ya karkace, harshen dai yana nan da kaifinsa.

"Wanga hutu naku ba shi ƙarewa?"

"Ba hutu ba ne, Iya. Na baro. Kowa guduna yake."

"Matar da kika wanke ma ƙahwa, ta taka?"

"Ta taka."

"To mi kike biɗa kuma? Garin ga tun ina amarya suke shan romona da sahe, ba wanda yat taɓa kirana in zauna tsakiyar tabarma. Na mutu?"

"In na tafi wa zai wanke ki?"

"Koya ma Asabe, hannu gare ta. Naki ya hi ƙarhin baya guda. Tashi ki ba ni wuri."

Na koya wa Gwaggo juyi da wanki, na koma ina kuka. Na sha faɗa a makaranta, aka dai bar ni na zauna jarrabawar. Ranar da muka rubuta takarda ta biyu Iya ta cika. Ban sani ba sai da na ajiye biro a ta ƙarshe. Da na iso gida har an yi addu'ar uku. Na tsare Gwaggo a ɗaki, na ce don me ba a kira ni ba? Ta ce, "Ita tah hana. Ta ce duk wanda yat tashe ki bisa takarda, ba ta yahe mai ba."

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti ta wajen Bakura. Ɗalibai kan zo su tambaye ni wane fanni ya fi, in zayyana musu duka, sannan in ce su zaɓi wanda za su iya yi ko ba mai kallo. Na daɗe ina zaton Iya ta manta ƙarshen tatsuniyar ne. Ba ta manta ba, ƙin yi mini ƙarya ta yi, don ta san irin zaman da ke jirana, ita ma shi ta yi. Ban daina jin kaɗaici ba, na dai daina ɗaukarsa alamar na ɓata hanya. Abu ɗaya ne har yau bai kwanta mini ba. Na wanke mutanen da ban san sunansu ba, ba sa ƙirguwa, amma wankan Iya na ƙarshe wasu ne suka yi, ina can ina amsa tambaya a kan kula da mai doguwar kwanciya. Na kuwa ci takardar.